Tsibirin Balasket, Kufai Mai Magana

Ran nan ina koya wa yara labarin ƙasa a nan Mandera, muka zo kan tsibiri. Da ya ke ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu, sai na kwatanta musu da abin da suka sani, na ce su tuna da damina sa'ad da gulbi ya kawo, ruwa ya malale fadama, ya bar wani tudu shi kaɗai a tsakiya. Na ce wannan shi ne gungu, irinsa na cikin teku kuwa shi a ke kira tsibiri, waɗansu da mutane, waɗansu kuma mutanensu sun tashi sun bar su. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in sun tashi duka, wa zai san an taɓa zama a wurin?" Ban ba shi amsa a ran nan ba, domin ƙararrawa ta buga. Ga amsar na kawo yau, gare shi da sauran 'yan'uwansa 'yan makaranta.

A can yammacin ƙasar Ailan, wadda ke maƙwabtaka da Ingila, akwai wani ɗan tsibiri a cikin tekun Atilantika, sunansa Balasket. Tsawonsa bai cika mil 4 ba, faɗinsa bai kai mil 1 ba, kuma kusan duk dutse ne mai gangara zuwa ruwa, babu itatuwa. Tsakaninsa da mashigin da a ke hawa jirgi a gaɓar ƙasa kamar mil 3 ne, amma ruwan wurin mugu ne, in iska ta taso sai a yi mako da makonni ba mai shiga ba mai fita. Mutanensa ba su taɓa cika 200 ba, ko a wajen 1916 da suka fi yawa. Ba su da kanti, ba su da likita, ba su da limamin addininsu a zaune. Su kan yi su a cikin kwale-kwalen da a ke haɗawa da tsiraran katako a rufe da zane mai kwalta, su noma dankalin Turawa, su yi kiwon tumaki. Makamashinsu wata irin baƙar ƙasa ce da a ke yankawa a shanya, in ta bushe ta ci wuta kamar kashin shanu. Harshensu Airish, watau harshen ƙasar na asali, wanda Ingilishi ya riga ya kore shi daga yawancin garuruwa tun zamanin da Ingila ke mulkin Ailan.

Sannu a hankali samari da 'yan mata suka riƙa tafiya Amurka, yawancinsu wani gari da a ke kira Springfield, wanda ya tafi ya aiko wa na baya kuɗin jirgi. A 1941 aka rufe makarantar tsibirin don ƙarancin yara. A farkon 1947 wani saurayi ya kamu da sanƙarau, iska ta hana a ɗauko likita, ya rasu suna ji suna gani. Wannan ya karya musu zuciya. A watan Nuwamba na 1953 gwamnati ta kwashe mutum 22 da suka saura ta zaunar da su a gaɓar ƙasa. Tun daga nan ba wanda ya sake mai da Balasket gida. Masu yawon buɗe ido kan je da rani su ga bangayen da suka zube, da zomaye, da wata dabbar teku mai kama da ayu tana shan hantsi a kan rairayi.

To, kufai irin wannan ba shi da iyaka a duniya. Abin da ya raba Balasket da sauran shi ne, kafin mutanensa su tashi sun rubuta labarin zamansu da harshensu. Littattafai uku ne suka fi suna, su ne zan auna muku, in faɗi inda kowanne ya yi ƙarfi da inda ya gaza.

Na farko na wani masunci ne, Tomas O'Crohan, wanda ya rasu a 1937 yana da shekara 80 da 'yan kai. Karatun da ya yi yana yaro kaɗan ne, kuma da Ingilishi aka yi masa, sai da ya kai wajen shekara 40 sa'an nan ya koyi rubuta harshensa. Masana harshe suka fara zuwa tsibirin don su ji Airish tsantsa. Carl Marstrander, mutumin Norwe, ya zo a 1907, Robin Flower ya zo daga London a 1910, dukansu kuwa a gaban Tomas suka durƙusa suka yi karatu. A 1917 wani saurayi, Brian O'Kelly, ya zo, ya riƙa karanta masa labaran Gorki, marubucin nan na Rasha, don ya nuna masa zaman talaka ma abin rubutawa ne. Da O'Kelly ya koma, sai Tomas ya riƙa aika masa da rubutu ta gidan waya, warƙa bayan warƙa. Daga nan aka sami littafin da ya fito a 1929, An tOileánach, ma'anarsa Mutumin Tsibiri.

Ƙarfin littafin nan yana ga taƙaita magana. Tomas magini ne, shi ya gina ɗakinsa da hannunsa, haka kuma ya ke jera magana kamar mai jera dutse, wanda ba shi da wurin zama ba ya ɗaukarsa. Zai gaya maka yadda a ke shiga kogon teku da dare don farautar dabbar nan mai kama da ayu, da yadda ɗaya ta cije shi a ƙafa, aka yi masa magani da naman 'yar'uwarta. Zai gaya maka yadda matan tsibiri suka tsaya a kan dutse suka yi wa masu karɓar kuɗin hayar ƙasa ruwan duwatsu. Akwai inda ya ba da labarin ganyen shayi da teku ta turo daga wani jirgi da ya fashe, ba su san abin sha ba ne, mata suka yi rini da shi. Akwai kuma mawaƙin tsibirin, wanda ya tare shi a kan hanyar aiki, ya zaunar da shi ya rubuta masa waƙa har rana ta yi nisa, aikin yini ya lalace, Tomas kuwa bai iya ƙi ba don tsoron zambo. Wane ne a cikinmu bai san tsoron bakin maroƙi ba? Mai karatu a Boɗinga ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ga kuma abin lura: mawaƙin ya ji tsoron waƙarsa ta bi shi kabari, shi ya sa ya nemi mai alƙalami.

Amma taƙaitawar nan ita ce kuma aibinsa. Ya so wata yarinya ta wani tsibiri kusa da nasu, yayarsa ta shiga ta fita aka aura masa wata, ya ba da labarin a gajarce ya wuce. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa da yawa suka riga shi, ɗaya ya faɗo daga kan dutse, ɗaya teku ta cinye shi a 1909 sa'ad da ya shiga ceton wata baƙuwa, duk wannan bai ci wurin da farauta guda ta ci a littafin ba. Mu da aka rena da kunya da kara mun gane irin wannan shiru, mun san ba rashin ƙauna ba ne. Duk da haka mai karatu ya kan rufe littafin ya san teku sarai, bai san matar gidan ba. Wani abu kuma, malamin da ya shirya littafin don bugawa, wanda ya ke sa hannu da laƙabin An Seabhac, watau Shaho, ya datse wuraren da ya ga ba su dace da yaran makaranta ba. Sai a 2002 aka buga abin da Tomas ya rubuta cikakke, aka ga ashe dattijon ya fi yadda aka nuna shi barkwanci da ɗacin baki.

Na biyu na wani saurayi ne, Moris O'Sullivan, wanda aka haifa a 1904. Uwarsa ta rasu yana jariri, aka rene shi a gidan marayu a garin Dingle, har da aka mai da shi tsibiri bai iya harshen ubansa ba, sai daga baya ya koya. A 1923 ya yi abota da George Thomson, wani ɗalibi Bature mai nazarin harshen Yunanawa na dā. Shi ya ba shi shawara kada ya bi sauran zuwa Amurka, ya shiga aikin ɗan sanda a ƙasarsa, ya kuwa shiga a 1927. Shi ne kuma ya matsa masa ya yi rubutu. Littafinsa ya fito a 1933, ma'anar sunansa Shekara Ashirin Ana Girma, aka juya shi da Ingilishi a shekarar, ya yi suna ƙwarai.

In kuna neman littafin da za ku fara da shi, wannan ne, domin da idon yaro aka ga kome. Ga gudun makaranta, ga hawan dutse neman 'ya'yan tsuntsu, ga zaman makoki da yaro ke kallo yana tsoro yana mamaki, ga kayan jiragen da aka nutsar a yaƙin 1914 suna ta yawo a bakin gaɓa, ga kakansa yana ba shi labarin mutanen dā. Maganarsa tana gudu kamar ruwan sabon gulbi. Sai dai ku lura, yana barikin 'yan sanda ya rubuta shi, nesa da gida, mai kewa kuwa daɗi kaɗai ya kan tuna. Yunwa da sanyi da jana'izar jarirai, waɗanda suka cika littafin Tomas, a nan ba su da nauyi. Wanda ya karanta Moris shi kaɗai zai yi mamakin abin da ya kori mutane daga wuri mai daɗi haka, alhali marubucin kansa yana cikin waɗanda suka tashi. Ya rasu a 1950, ruwa ya ci shi sa'ad da ya ke iyo, yana da shekara 46.

Na uku na wata tsohuwa ne, Peig Sayers, wadda aka haifa a 1873 ta rasu a 1958. Ba 'yar tsibirin ba ce, aure ya kai ta a 1892. Gwanar tatsuniya ce wadda ba a cika samun irinta ba, ma'aikatan hukumar tattara al'adun Ailan sun rubuta ɗaruruwan labaru daga bakinta. Amma ba ta iya rubuta Airish ba, saboda haka ta riƙa faɗa, ɗanta yana rubutawa, wata malama daga Dublin ta gyara, aka buga a 1936 da sunanta, Peig. Ita ce ta buɗe mana ƙofar da Tomas ya bari a rufe, watau cikin gida: aikatau tun tana yarinya, zuwa gidan miji a wurin da ba ta sani ba, haihuwa, jiran maza in sun fita su da dare. Wurin da ya fi kowanne taɓa zuciya shi ne inda aka kawo mata gawar ɗanta da ya faɗo daga kan dutse, ta yi masa wanka da hannunta don ba wanda ya iya. Ba ta ƙawata maganar ba, don haka ta ke shiga jiki.

Aibin littafin nan yawancinsa daga hannuwan da ya ratsa ya fito. Waɗanda suka zauna da Peig sun ce mace ce mai raha da wasa, mai son hira da baƙi, amma a takarda haƙuri da kuka suka fi yawa, domin irin hoton da masu gyara ke so ke nan na tsohuwar ƙauye. Daga baya hukumar ilmi ta sa shi cikin littattafan jarrabawa, aka yi shekaru da yawa ana tilasta wa 'yan sakandare karanta shi, har sunan Peig ya zama abin ƙi ga yaran da ba su taɓa jin muryarta ba. Mu malamai sai mu yi hattara da wannan. Littafin da aka cusa wa yaro da bulala, ko zuma ne, maɗaci zai ji. Tun 1941 ma wani marubuci mai barkwanci, Myles na gCopaleen, ya fitar da An Béal Bocht, kamar a ce Kukan Talauci, yana yi wa irin waɗannan littattafai shaƙiyanci, da baƙin da ke zuwa sha'awar talaucin mutane, ko da ya ke shi kansa yana girmama littafin Tomas.

In an haɗa ukun, ga abin da na gani. Ba ɗaya daga cikinsu da ya isa shi kaɗai. Dattijo ya ba da aiki, saurayi ya ba da wasa, tsohuwa ta ba da cikin gida, sai an jera su sa'an nan ƙauyen ya ke tashi tsaye. Na biyu, dukansu baƙo ne ya zuga su, kuma baƙo ne ya tsaya tsakaninsu da maɗaba'a. Kyautar baƙon ita ce ya nuna musu abin da suka rena yana da daraja. Cutarsa ita ce ya kan zaɓi abin da ya zo nema. Na uku, littattafan ba su hana tsibirin mutuwa ba, kada wani ya ruɗe ku da cewa alƙalami yana maganin yunwa. Abin da suka yi shi ne, sun hana a manta, ko wani ya zo daga baya ya faɗi abin da ya ga dama a kan mutanen da ba su da bakin musu.

Yanzu mu dawo gida. A shekarar da littafin Moris ya fito, 1933, a nan ma Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya zagaya yana roƙon malamai su rubuta labaru da Hausa, aka yi gasa, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Kun ga lokaci ɗaya ne, hanya ma kusan ɗaya: baƙo ya zuga, ɗan gida ya rubuta, baƙo ya gyara. Amma namu sun fi karkata ga tafiya. Alhaji Imam ya bar gida neman ruwa, Ganɗoki ya kai ƙasar aljannu, Umar an ƙetare Sahara da shi. Littattafai ne masu daɗi, ba na rage musu kome. Sai dai wadda ta yi irin aikin Peig a ƙasar Hausa ita ce Baba ta Karo, wadda ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 ta ba ta labarin rayuwarta, na aure da kishi da ƙawance da harin masu kama bayi. Da Hausa ta faɗa, amma da Ingilishi aka fara buga shi a 1954, jikokinta suka daɗe ba su da shi da harshen da aka yi maganar.

Mu mutanen ƙasar Sakkwato mun fi kowa sanin bambancin kufai mai magana da kufai bebe. Ku dubi Surame, birnin Kanta na Kabi, wanda ganuwarsa ta dutse har yau tana nan. Ta fi duk bangayen Balasket girma nesa ba kusa ba, amma ganuwa ba ta faɗin abin da a ke dafawa a bayanta. Ku dubi kuma Ɗegel, wanda Shehu Usmanu ya yi hijira daga gare shi a 1804. Ƙauye ne, amma mun san malamansa da karatunsa, domin mutanensa masu alƙalami ne. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi, wanda ya zauna a nan Boɗinga sa'ad da Shehu ke Sifawa, ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, Nana Asma'u kuma ta bi hanyar hijira zango zango a cikin waƙa. Gadon rubutu dai muna da shi tun kafin a haifi Tomas. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne irin nasa, watau manomi ko masunci ko mai daka ya faɗi yadda yininsa ke wucewa.

Kada kuwa ku ce tashin gari labarin dā ne. A 1968 da aka datse Kwara a Kainji, ruwa ya rufe tsohuwar Busa da gungayen ƙasar Yawuri, aka tashi mutum fiye da 40,000. Wanda ya ke da shekara 15 a lokacin, yau ya haura 70, in ya tafi ya tafi da sunayen mashigai da gonakin albasa da ke ƙarƙashin ruwa. A shekarun nan kuma ƙauyuka nawa ne 'yan bindiga suka watsa a gabashin Sakkwato da Zamfara? Ko inda a ke zaune lafiya, ku ƙirga samarin unguwarku da suka tafi cin rani Ikko ba su dawo ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Haka Balasket ya ƙare, ɗaya bayan ɗaya, ba da yaƙi ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, duk sa'ad da na ce yara su rubuta insha'i a kan abin da suka ga dama, sai in sami sarki da 'yarsa, ko aljani a tsamiya, ko birnin da marubucin bai taɓa gani ba. Da wuya in sami wanda ya rubuta yadda a ke yaɓen rumbu, ko abin da a ke faɗa ranar gayya, ko yadda kakarsa ta yi da iyali a yunwar 1973. In na tambaya sai su ce, "Malam, ai wannan kowa ya sani." Haka Tomas ya zata kafin a karanta masa Gorki. Abin da kowa ya sani shi ne ya fi saurin ɓata, domin ba mai ajiye shi.

Saboda haka ga aikin hutu na ba ku. Kowa ya sami littafin rubutu guda, ya zauna da tsoho ko tsohuwa na gidansu bayan sallar isha'i. Ku rubuta da bakinsu, in Sakkwatanci suka yi ku bar shi Sakkwatanci, kada ku yi musu irin gyaran da aka yi wa Peig. Ku sa sunan rijiya da na fadama da na itacen da a ke hutawa a gindinsa, ku sa shekara in an tuna ta. Ku ɗauki taƙaitawar Tomas, amma ku tambayi mata abin da shi bai faɗa ba. Ku ɗauki raha irin ta Moris, amma kada ku ɓoye shekarar da hatsi ya ƙare. Wanda ya gama ya kawo mini in gani, ni kuwa na yi alkawari ba zan taɓa kome ba sai kuskuren baƙi da wasali.

Kai kuma yaron da ya yi tambaya, ka ji amsarka. Za a san an zauna a wuri in mutanensa sun bar magana a rubuce. Allah ya zaunar da garuruwanmu lafiya, ya sa albarka a karatunku, amin.